Miyar Ciki da Miyar Ƙofar Gida

Assalamu alaikum, Auta.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya kai ku Kaduna lafiya, ke da maigidanki Sabi'u. Allah Ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙon wuri, Ya haɗa ku da maƙwabta nagari, Ya sa ƙafar da kika fitar daga Kankiya ƙafar alheri ce. Na san yanzu surukina ne, bai kamata in riƙa kiran sunanshi gatsau ba, amma yaron da na goya a bayana ba zan fara jin kunyarshi da furfura ba.

Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san ajin yaƙi da jahilci na yi, da goyo a baya. In kin ga harafi ya karkace, malama, kada ki ɗauko mani jan biro.

Ranar da mata suka taru yi maki faɗa, kowa ta faɗi nata, haƙuri, ladabi, tsafta. Gwaggonki Asabe ta ce, "Ke dai ki cika mashi ciki. Ki zuba mai har sai ya ga fuskarshi a cikin miya, ba inda za shi." Aka yi shewa, aka tafa. Kin ɗago kin kalle ni kin ga ban yi dariya ba. Maganar ce ta fama mani tsohon miki, kuma ba a gaban mutane zan iya faɗar abin da ke raina ba, shi ya sa na zauna nake rubuta maki.

Sabi'u ɗan ƙanen babanku ne, jininsu ɗaya. Kakanku a gona ya faɗi bai tashi ba. Babanku kin ga yadda ya ƙare. Baffanki Sani, uban mijinki, ga shi nan kullum da ƙwayar hawan jini a aljihu. Shi kuma Sabi'u, da bakinki kika gaya mani likitan wurin aikinsu ya ce jininshi ya fara hawa, yaron da ko ɗa bai haifa ba. Rai na Allah ne, ban musa ba. Amma abin da zai shiga cikin yaron nan safe da yamma daga hannunki zai fito, kuma ni na taɓa riƙe irin wannan amanar na yi wasa da ita. Kina makarantar kwana lokacin, ba ki san komai ba sai yabon da ake yi mani na jinya. To, yau ki ji sauran.

Kuskurena na farko, na raina abincin da ya raine ni.

A Dudunni, gidanmu tuwon dawa ne da gero, miyar kuka ko kuɓewa da daddawa, wake a kusan kowace rana. Damina ta yi, ga tafasa, ga rama, ga zogale, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli a ci a tafi gona. Nama sai ranar kasuwa, shi ma ba kowace ba. Mahaifina da wannan cimar ya tsufa, haƙoranshi cif, yana huɗa har shekarar da ya rasu. Babanku ma haka na same shi a Kunduru shekarar da Turawa suka miƙa mulki, siriri kamar sillen kara. Awon gyaɗa yake yi, ya hau keke ya zagaya ƙauyuka ya dawo ya kama fartanya.

Da gyaɗa ta mutu, kuɗin fetur suka shigo, sai Allah Ya buɗa mashi ta wata hanyar. Ya samu kwangilar gina azuzuwan firamare, muka dawo Kankiya. Keke ya koma babur, babur ya koma mota, gona aka bar wa 'yan ƙwadago. Ni kuma na shiga cikin matan gari, ina jin kaina baƙauya. Wata rana na kwaɗa zogale, wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, "A'a, matar ɗan kwangila da cin ganye? Ai kin bar wa awaki." Wasa take yi, amma daga ranar na bi shinkafar ƙasar waje, da burodi da bota, da shayi mai kauri da madarar gwangwani, sukari har sai cokali ya kusa tsayawa. Innata kan aiko mani da busasshen zogale da wake da garin kuka daga Dudunni. Wallahi, Auta, bayarwa nake yi, kada a gan su a ɗakina. Har ta rasu tana zaton muna ci.

Don haka ki ji. Kaduna birni ne, za ki ga kayan gwangwani jere a kanti, za ki ga matan ma'aikata. Kada ki ji kunyar wake. Ki yi faten wake, ki yi dambu da zogale mai yawa, ki yi tuwon dawa, kada ki surfe ta har ta yi fari tas, ki bar mata ɗan jikinta. In shinkafa za ki dafa, ganye ya kusa fin ta yawa a kwano, alayyahu ko kabewa ko abin da kasuwa ta kawo. Kifi ya fi mashi jan nama. Bayan abinci ki yanka mashi gwanda ko lemo ko yalo, ki bar lemon kwalba sai an yi baƙi. Buhun da na sa a bayan motar da ta ɗauke ku wake ne da dawa da kuka. In kika bayar da shi zan ji labari.

Na biyu, da mai nake auna so.

Kin san akushin babanku. In na kwashe tuwo, sai in sa bayan ludayi in yi gurbi a tsakiyar malmala, in cika shi da soyayyen man shanu har ya tumbatsa. Miyar da za a zuba a kai kuma da kakide na soya ta. Mahauci ya san ni, tozo yake ajiye mani da ƙashi mai ɓargo. Gishiri da hannu nake ɗiba, ga kanwa, ga dunƙulen nan na kanti da ya shigo, in jefa ba lissafi. Ba mugunta ba ce. Na ga wahalar da mutumin nan ya sha a kan keke cikin rana, na ce tunda Allah Ya kawo, bari ya ci ya huce.

Ya kuwa ci. Wuya ya naɗe, teɓa ta fito, rigunanshi na da duk aka rabar. Duk inda na shiga sai a ce, "Kai, Hajiya, kin iya kiwo! Alhaji ya yi kyau." Ni kuma kaina ya yi ta kumbura. Yana hawa 'yar matakalar shago yana haki, ina cewa jikin hutu ne. Yana dafe ƙeya yana cewa kanshi na sarawa, ina cewa rana ce, in dama mashi fura da kindirmo mai maiƙo da sukari. Barci da minshari har ana ji a tsakar gida, muna yi mashi dariya ni da ku.

Ke ki ajiye ludayi, ki auna mai da cokali. Man gyaɗa kaɗan ya isa tukunya, man shanu a bar shi na marmari, kakide kuwa kada ya shiga gidanki. Nama ki zaɓi tsoka, ki yanke kitsen da wuƙa tun yana ɗanye. In kin dafa, ki bar romon ya ɗan huce, maiƙon zai taso sama, ki kwashe ki zubar, kada ki ce asara ce. Kaza ki saɓule fatar. Abin da za a iya dafawa ko gasawa kada a soya, man da aka yi suya da shi har ya yi baƙi kuma a rabu da shi. Gishiri shi ne babban maƙiyinsu a gidan nan. Kada ki yanke shi rana ɗaya, zai ture kwanon. Ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har harshe ya saba bai sani ba, ki cike gurbin da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da masoro. Miyar da ta ji daddawa mai kyau ba ta neman dunƙule. Kuma kada ki ajiye mashi gishiri ko yajin gishiri kusa da kwano, hannun namiji ba ya jin magana.

Na uku shi ne wanda ya hana ni sukuni har yau. Ki karanta shi a hankali.

Kin tuna Sista, ma'aikaciyar asibitin nan 'yar kudu da ta yi haya a bayan gidanmu, wadda kuke kira Maman Sande? Wata rana babanku ya ji jiri a wurin aiki, ya dawo ya kwanta. Na aika aka kira ta. Ta ɗaura mashi abin awo a damtse, ta matsa, ta duba, ta sake matsawa. Na ga fuskarta ta canja. Washegari ta sa aka kai shi wurin likita, aka ba shi ƙwayoyi. Da suka dawo ta ja ni madafi, ta buɗe tukunyata, ta duba, ta ce, "Hajiya, magani yana aiki, amma wannan miya ta fi magani ƙarfi. In ba ki canja ta ba, Alhaji zai faɗi." Haka ta faɗa, ba ta ɓoye mani ba. Duk abin da na rubuta maki a sama, a bakinta na fara jin shi, a tsaye a gaban murhuna. Na tsorata ƙwarai, na ce na ji, zan yi.

To, kin san al'adar layinmu ta ciyayya. Bayan sallar magariba magidanta kan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, gindin bedi, kowane gida ya fito da kwanonshi, a haɗa a ci tare. Maza na cewa zumunci ne. Mu mata mun san gasa ce. Daga cikin gida muke, ba mu ganin kowa, amma kafin gari ya waye kowace ta san miyar wa aka suɗe, ta wa aka bari. Kwanona kuwa ya daɗe yana dawowa kamar an wanke.

Ranar farko na yi yadda Sista ta ce. Tuwon dawa, miyar kuka da busasshen kifi, daddawa, mai cokali guda, gishiri ɗan kaɗan, ba gurbin man shanu. Aka fita da shi. Ina tsaye bayan ƙyauren zaure ina saurare, sai na ji Alhaji Garba mai shanu, abokin wasan babanku, ya buɗe ya ce, "Subhanallahi! Alhaji, ko kwangilar ta karye ne? Yau miyar Hajiya azumi take yi?" Aka kwashe da dariya. Kwano ya dawo da fiye da rabi.

Ki ji abin da babanku ya yi. Ya shigo yana murmushi ya ce, "Rabu da su. Ni na ci, kuma ta tuna mani da Kunduru. Gobe ma ki yi irinta." Shi bai ji komai ba, Auta. Shi mai ciwon ya yarda. Ni ce na kasa.

Bayan kwana biyu aka yi suna a layin. Ina shiga matar Alhaji Garba ta tarye ni da shewa, "Ga Hajiya mai miyar asibiti! In man ne ya ƙare ki aiko, muna da saura." Mata suka yi dariya, ni ma na yi ta yaƙe. Na dawo gida ina huci, na ce ni za a yi wa gorin mai a garin nan?

Sai na yi dabara, wai ni mai wayo. Na ɗora tukunya biyu. Ɗaya ta ciki, marar maiƙo, ta babanku. Ɗaya ta ƙofar gida, da kakide da tozo da man shanu har ya fi na da, don a rufe bakin mutane. Na ce mashi, "In ka fita ka ɗan taɓa kawai, ka dawo ka ci naka." Ya ce to.

Ke ki gaya mani, wane magidanci ne za a ajiye kwanon gidanshi a gaban abokanshi ya naɗe hannu? In bai ci ba a ce ya san abin da aka zuba a ciki. Ga ƙamshi, ga hira, ga Alhaji Garba yana tura mashi tozo yana cewa, "Ci, Alhaji, ciwon da bai kashe ka jiya ba ba zai kashe ka yau ba." Sai ya shigo a ƙoshe, ya leƙa akushin ciki, ya ɗan gutsura don kada in ji haushi. Sauran ni da yayyenki muke cinyewa. Mu muka ci maganin, shi ya ci cutar. Kuma ina gani. Kullum ina gani, ina cewa gobe zan daina, sai kwano ya dawo a suɗe in ji daɗi in manta.

Sista kan tare ni ta ce, "Hajiya, kina dafa mashi yadda na ce?" In ce, "Kullum, Sista." Ban yi ƙarya ba, ina dafawa. Ban dai gaya mata wa ke ci ba. Ta yi ta mamakin yadda jinin ya ƙi sauka. Daga baya ma da ya ji ciwon kan ya lafa sai ya ajiye ƙwayoyin, ya ce ya warke. Na san ba daidai ba ne, amma wadda ke soya kakide da wane baki za ta yi faɗan magani? Na bar shi ya ajiye.

Ranar wata Laraba da la'asar, yana alwala a tsakar gida, ina tankaɗe. Na ji buta ta faɗi. Na ce, "Alhaji, lafiya?" Ya juyo zai amsa, na ga bakin ya karkace, maganar ta ƙi fita. Kafin in ture rariya ya zame ya kwanta a gefen rijiya. Aka kai shi Katsina. Da aka dawo da shi, ɓarin dama duk ya shanye, kuma wannan kin gani da idonki da kika zo hutu.

Damina guda da rani guda na yi ina ba shi kunu da cokali, ina goge abin da ya zubo. A lokacin na iya girkin Sista sarai, ba mai, ba gishiri, ba wanda ya isa ya sa ni in ƙara. Ina amfani? Mutumin da ya ce "gobe ma ki yi irinta" ba ya ma iya cewa ta yi daɗi. Wani lokaci in ya ga ina hawaye sai ya ɗaga hannun hagun ya dafa nawa, shi ke ba ni haƙuri. Da zagina ya yi da ya fi mani sauƙi.

Ciyayya kuwa ba ta fasa ba ko rana ɗaya, tabarmar kawai aka matsar zuwa ƙofar Alhaji Garba. Da ya rasu abokan nashi sun zo gaisuwa, sun ce ƙaddara ce, sun yi addu'a, Allah Ya saka masu. Bayan na fita takaba na haɗu da matar Alhaji Garba, zuciya ta ci ni na ce mata, "Kin tuna ranar da kika ce mani mai miyar asibiti?" Ta zaro ido ta ce, "Ni? Yaushe? Wallahi ban tuna ba, Hajiya." Kuma na ga gaskiya take faɗa. Maganar da na ɗora tukunya ta biyu saboda ita, mai ita ko tunawa ba ta yi.

Ban ɗora wa kowa laifi ba. Su wasa suka yi, ni na san abin da Sista ta gaya mani. Malamai sun ce mani ajali ba ya wuce lokacinshi, na yarda, da shi nake samun barci. Amma ajali daban, amana daban, kuma a kan amanar nake neman gafara kullum.

Saboda haka, Auta, tukunya ɗaya za ki ɗora a gidanki. Abin da Sabi'u zai ci shi za ki ci, shi baƙo zai ci, shi 'ya'yanku za su tashi da shi in Allah Ya kawo su. Kada ki ware mashi kwano kamar majinyaci, namiji ba ya son a nuna shi, zai bi ta wurin mai tsire a hanya ya rama. Ke ma ba tsira kika yi ba, jinin nan yana jikinki. In abokanshi na ofis sun zo, ki ba su abin da ke akwai da fara'a, wanda bai ƙoshi ba gidanshi na nan. In an ba shi magani, ki tsaya a kanshi ya sha ko ya ce ya warke, ya kuma riƙa zuwa awo. In wurin aikin ba nisa, wata rana ya bar babur ya taka da ƙafa. Ki lallaɓa shi, kada ki mayar da kwano filin faɗa, amma kada ki ja da baya.

Za a yi magana, wannan kam ki sa a ranki. Za a ce 'yar boko ba ta iya girki ba, za a ce rowa, za a ce kin ramar da shi. Wadda na fi jiye maki ita ce surukarki, Inna Lami. Mutuniyar kirki ce, tare muka yi zaman gida ɗaya a Kunduru ba mu taɓa sa-in-sa ba, amma uwa ce, in ta ga wuyan ɗanta ya ragu hankalinta zai tashi. Ke ba za ki iya mayar mata da magana ba, kuma ban yarda ki mayar ba. Ki bar mani ita. Duk ranar da ta shirya zuwa Kaduna, mota ɗaya za mu shiga. Kada ki yi mana girkin baƙi, ki zubo mana abin da kuke ci. Ni zan fara sa hannu, in cinye a gabanta, in ce a ƙaro. In ta yi magana, ni zan gaya mata abin da na gaya maki yau, da bakina, ko da za ta daina ganina da mutunci.

Ban bar maki zinariya mai yawa ba, kuma ban iya wa'azi ba. Abu ɗaya nake roƙo. Na yi takaba, na san ɗacinta, na san yadda ɗaki ke yin faɗi. Kada ki sa in hau mota in zo in zauna kusa da ke a taki takabar. Ina so ranar da za a ɗauke ni, Sabi'u na cikin masu ɗaukar makarar, da ƙarfinshi, da furfura a gemu.

Allah Ya jiƙan babanku, Ya yafe mani abin da na yi da hannuna. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka, Ya tsare ku a gida da hanya, Ya sa ku tsufa tare. Ki gaida maigidan naki. Yayyenki duk suna gaishe ku.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
daga Kankiya.